Ƙundun Tsuntsuwar Kurminmu

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba na fara koyar da ilimin halittu a wata firamare a Kudan. Duk hutu sai in koma ƙauyenmu kusa da Nasarawan Doya, in naɗe wando, in shiga rafin bayan gonar baba da tsohuwar rariya. In kamfato laka, in tsince tsutsar sauro da sauran ƙwarin ruwa, in zana su a littafi. Mutanen gari suka gama yanke hukunci cewa boko ya taɓa min kai.

Abin da ya riƙe ni a rafin wata 'yar tsuntsuwa ce toka-toka mai zaƙin murya, da ke yin sheƙa a kurmin bakin ruwa. Damina biyu ina kallonta tana cafke ƙwarin da ke tasowa daga ruwa, ban taɓa ganin ta sauka kan zangarniya ba.

Shekarar da tsuntsaye suka yi wa gero ɓarna, baba ya ce kurmin ne matattararsu, ranar Asabar za a yi gayya a sare shi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na buɗe masa littafina, ko kallo bai yi ba.

"Zane ba shaida ba ne," ya ce.

Gwaggo, yayar baba, tana gefe tana tankaɗe. "Kai da littafinka!" ta ce. "Ba ka taɓa ganin na gyara kaza ba? A fasa ƙundun tsuntsuwar mana, kowa ya ga abin da ta ci."

Baba ba ya musu da yayarsa. Ya ɗana tarko biyu. Na cikin gero ya kama jan-baki, na kurmi ya kama 'yar tsuntsuwata. Wallahi sai da na kau da kai da aka yanka ta.

Bayan sallar Juma'a dattawa suka cika zaurenmu. Gwaggo ta sa reza ta fasa ƙundun jan-baki, sai ga gero fal. Ta fasa na biyu, sai fukafukai da 'yan ƙafafu, ko ƙwaya ɗaya babu. Na ajiye zanena na ƙwari kusa da shi don a gwada, gilashina mai ƙara girma ya yi ta yawo hannu-hannu.

Mai unguwa ya daɗe yana leƙe, sannan ya ɗago. "Malam, ashe sauro take rage mana?"

Malam fa! Mutumin da kullum yake ce min ɗan laka. Daɗi ya kama ni. Washegari gayyar ta koma gyaran hanyar kasuwa, kurmi yana nan da masu waƙarsa.

Da yamma gwaggo ta sa aka yanka zakara. A gidanmu ƙundu na maigida ne, tun ina yaro ban ga wanda ya isa ya taɓa shi ba. Baba ya lalubo shi a cikin miya, ya tura shi gabana, ya ci gaba da cin tuwonsa. Na daɗe ina taunarsa.