Ƙanƙara a Kafiretar Jirgin Baba

Abin da na fara lura da shi da muka isa filin ciyawar nan na bayan Manchester shi ne raɓa a jikin komai, har kan fukafukan ɗan jirgin da Baba ya haɗa da hannunsa a garejin abokinsa. Lokacin ina year nine, wato aji uku na sakandare, yarinyar da ko a aji ba ta ɗaga hannu. Duk Asabar daga unguwarmu muke tasowa, ni ce mai riƙe masa fulas ɗin shayi.

Injin ne ya ƙi ba shi lafiya. A ƙasa lafiya lau yake, amma da ya hau sama sai ya fara tari, ƙarfinsa ya ragu. In ya sauko sai ya ce fetur ne ya yi wa iska yawa, ya murɗa sukurun kafireta, inda fetur da iska ke haɗuwa. Wani satin ya ce ya yi kaɗan, ya mayar. A Kano Baba ya koyi kanikanci, inda zafi da ƙura ne abokan gabar inji, sanyi bai taɓa shiga lissafinsa ba. Ni kuwa ina ganin ruwa na ɗiga daga kafiretar duk saukowa, in na taɓa ta sai sanyi ya kama yatsana. Kunyar abokansa ta hana ni magana. Da na gaya wa Umma, ta ce ina ruwan ɗiya mace da inji, in bar mutum da wahalarsa, ita ta gaji.

Wata safiya mai hazo yana sama ina kallo, ƙarar injin ta ɗauke. Jirgin ya faɗa gonar tumaki, ƙugun Baba ya karye. Mai binciken hatsarin ya ce ƙanƙara ce ke toshe maƙogwaron kafiretar a sama, kafin a buɗe a ƙasa ta narke.

Na koyi cewa ƙwarewar da mutum ya zo da ita daga gida tana iya cutar da shi a wata ƙasa. 'Yan'uwana mata, in kun ga abu, ku faɗa wa mai shi, ko da murya na rawa.

Yanzu da sanda yake tafiya, ya kuma sayo wa jirgin sabuwar farfela. Na gaji da tsayuwa a ciyawa ina sauraron sama. Na roƙe shi, duk ranar da zai sake tashi, don Allah kada ya gaya min sai ya sauko.