Yashi a Jirgin Baba Tsaf

Shekara ashirin da bakwai Baba Tsaf ya yi yana haye da mutane kogi, kuma babu ranar da ya kwance igiya bai fara share jirginsa ba. Tsintsiya biyu gare shi, mai tauri ta taɓo, mai laushi ta yashi. Duk wanda zai shiga sai ya kakkaɓe takalminsa a jikin wani dutse da ke bakin gaɓa, komai girman rigarsa. In ya gama shara yakan ja da baya, ya ƙare wa daɓen jirgin kallo, ya ce, "Tsaf!" Nan sunan ya samo asali, har jikokinsa ba su san yana da wani ba.

Inda tsintsiya ba ta kai ba shi ne ƙarƙashin daɓen. Filawud ne, katakon nan mai falle-falle, ruwa ya daɗe yana cin sa ta ƙasa alhali samansa na ƙyalli. Wata Asabar matarsa ta shigo da kwando a ka, za ta haye wajen 'yarsu kamar yadda take yi kowane mako. Ta taka daidai inda ta saba takawa, sai ƙafarta ta dama ta burma har ƙauri. Ba ta ji ciwo ba sai ɗan ƙwarzane, amma takalminta ya tsaya a ƙasa, fasinja goma sha ɗaya suna kallo.

"Malam," ta ce bayan ta zaro ƙafar, "Asabar mai zuwa in daɓen nan bai gyaru ba, jirgin Dogo zan shiga."

Dogo maƙwabcinsa ne a gaɓa, jirginsa bai taɓa ganin tsintsiya ba, akuya da mutum duk wuri ɗaya suke zama. Tun da aka yi aurensu ba ta taɓa shiga jirgin wani ba. Baba Tsaf ya san ranar da aka gan ta a na Dogo, maganar da za a riƙa yi ke nan: matarsa ma ba ta yarda da jirginsa ba.

Da yamma ya nufi bayan kasuwa wajen ƙanin matar tasa, mai gyaran tankunan ruwa, wanda kowa ke kira Mai Tanki.

"Yaya, sannu da zuwa," in ji Mai Tanki, yana danne dariya. "An ce jirginka ya fara cin takalma."

"Kai dai ba ka da kunya. Filawud nake so a canza."

"Ka sa sabo, bayan damina uku ya ci ɗaya ƙafar. Bari in yi maka na faiba, irin jikin tankin nan. Ruwa ba ya cin sa."

Ran Lahadi suka jawo jirgin tudu, suka ɓamɓare tsohon daɓe. Falle shida ne, huɗu da hannu kawai suka marmashe. Takalmin uwargida ya fito, tare da cokali biyu da wani mabuɗi da ya ɓata shekara tara da suka wuce. Litinin da Talata aka bar cikin jirgin ya sha rana, don Mai Tanki ya ce faiba ba ta shiri da danshi. Baba Tsaf ya share shi sau biyar a kwana biyun nan, ko da yake babu wanda ya taka.

Ran Laraba aka kafa sabon katako siriri ya zama gado, sannan aka fara shimfiɗa faiba. Wani farin mayafi ne mai zare-zare kamar gashi. Ana kwantar da shi, a jiƙa shi da rezin, wato ruwan gam mai kauri kamar zuma, wanda ake ɗiga wa magani kaɗan don ya daskare. Mai Tanki ya ce wa Baba Tsaf ya sa riga mai dogon hannu, ya ƙi, wai shi ba baƙon aiki ba ne. Kwana biyu ya yi yana susa kamar mai ƙazuwa. Amma aikin ya shiga ransa. Shi ke ƙirga ɗigon magani, shi ke bin kumfar iska da burushi yana fitar da ita ɗaya bayan ɗaya. Shimfiɗa uku suka yi, kowace sai da ta kama kafin a ɗora wata.

Ran Alhamis, ranar shafen ƙarshe, Mai Tanki ya zo da bokiti cike da busasshen yashi.

"Wannan fa?"

"Yashi ne, Yaya. Za a barbaɗa a kan shafen kafin ya sha iska, don ƙafa ta samu abin kamawa."

Baba Tsaf ya ajiye burushi. "Shekara ashirin da bakwai ina fitar da yashi daga jirgin nan, yau ka ce in zuba shi da hannuna, in kuma manne shi da gam?"

"In ya jiƙe santsi yake yi."

"Tankinka ne ke santsi. Ni jirgi gare ni."

Mai Tanki bai ja ba. Ya ajiye bokitin a gindin bishiya ya ce, "Ga shi nan dai, ba ya lalacewa."

Aka yi shafe ba yashi. Da ya bushe Baba Tsaf ya bi shi da samfefa mai laushi, takardar nan ta goge katako, ya goge da tsumma, har mutum na iya ganin haƙoransa a ciki.

Ran Juma'a da safe aka tura jirgin ruwa. Masu jirage sun taru, matarsa ma ta zo da kwanon abincinsa. Baba Tsaf ya tuɓe takalmi, ya wanke ƙafa a kogi don kada ya ɓata aikin, ya ɗaga kai, ya taka. Ƙafar farko ta tafi ba ta jira ta biyu ba. Ya zauna daɓas, ya sulale tun daga goshin jirgin har gindinsa, hularsa na biye da shi a hankali.

"Baba, ashe sabon daɓen kai mutum mazauninsa yake yi da kansa!" in ji Dogo daga nasa jirgin.

Matarsa ta bari sai da ta ga ya miƙe lafiya. "Malam, wancan ƙafa ɗaya ya ci," ta ce. "Wannan mutum guda yake ɗauka. Gobe fa Asabar."

Ya fito da rarrafe, ya je gindin bishiya ya daɗe yana kallon bokitin. Ya damƙi yashin, ya murza, ya ga tsakuwa da ɓawon gyaɗa a ciki.

"In dai dole sai ya shiga," ya ce, "to, ba da wannan ƙazantar ba. Uwar yara, ara mini rariyarki."

Sau uku ya wanke yashin, ya shanya a kan tabarma, ya tankaɗe. Da la'asar aka sake jawo jirgin tudu, Mai Tanki ya goge ƙyallin da samfefa ya yi sabon shafe, Baba Tsaf ya bi bayansa da rariya yana kaɗawa, fuska a murtuke. Babu inda ya fi wani kauri. Mai Tanki ya rantse bai taɓa ganin barbaɗi mai kyau haka ba.

"Rufe mini baki," in ji Baba Tsaf.

Asabar da sassafe aka mayar da jirgin ruwa, ya share yashin da bai kama ba da tsintsiya mai laushi. Sauran ya zauna daram. Matarsa ta iso da kwandonta, Dogo na kiran, "Mama, akwai wuri a nan!" Ko waiwaye ba ta yi ba. Ta kakkaɓe takalmi a jikin dutse, ta ɗebi ruwa da tafin hannu ta watsa a daɓen, ta taka, ta murza diddige hagu da dama. Sannan ta wuce mazauninta ta zauna, ta ce, "Me muke jira?"

Har yau dutsen na nan, dokarsa ma na nan. Kwanan baya wani fasinja ya tambaye shi amfanin kakkaɓe takalmi, tunda daɓen ma duk yashi ne.

"Wannan nawa ne," in ji Baba Tsaf. "An wanke shi, an tankaɗe. Naka ban san inda ya kwana ba."