Layar Fir'auna a Kasuwar Dira

A wani shagon kayan tarihi a Dira, can ƙasar Larabawa, Kaltume ta kasa ɗauke ido daga wani dattijo Bahaushe mai busasshen siminti a takalma. Yana tsaye gaban shuɗin buzuzun dutse, layar Misirawan dā, hannunsa ɗaya yana ta shafa damtsensa, inda babu komai.

"Mamnu'," in ji mai shago, wato an hana. "Kallo kawai ake yi."

"Sai na riƙe ta," dattijon ya ce, bai janye tafin da ya miƙa ba.

Kaltume tana jin ta san labarin damtsen nan. Wataƙila layar da mahaifiyarsa ta ɗaura masa ce ya tsinke a filin jirgi don tsoron bincike. Ta Fir'auna kuwa ga ta cikin gilashi, ana goge mata ƙura.