Takin Dokin Kawu Idi

"Kashin nan ina kake kai shi?" likitan dabbobi ya tambayi Kawu Idi, bayan ya duba dokinsa mai zawo.

"Garkata ta bakin tabkin Madarumfa. Ɗanye nake zuba wa salati, ya fi ƙarfi."

"Baba, ƙwayar cutar da ke hanjinsa tana iya kama mutum. Wa ke cin salatin?"

Ni na san amsar: tsinkar farko kullum ta matarsa ce, Inna Rabi. Kwananta huɗu a asibiti ana ƙara mata ruwa, zawo ya ƙi tsayawa.

Da la'asar na same Kawu a garkar yana tuge salatin duka, yana binnewa.

Ku masu garka, kuna barin taki ya ruɓe kafin ku zuba?