Sunan da Iya ta ƙi faɗa a Gidimuni

Ana sallame sallar asuba muka bar Zango, ni da Masera da direban misiyo, a cikin tsohuwar kamiyon, wato babbar motar da suke ɗaukar magani da ita. Ga wanda bai sani ba, Masera ita ce baturiyar nan ta ƴan Katolika mai farin lulluɓi, wadda ke wanke gyambo a ɗakin maganin misiyo. Ni tela ne, amma na ɗan taɓa lakwal, makarantar bokon Faransi, shi ya sa take ɗaukata tafinta in za ta ƙauye, don Hausarta ba ta wuce gaisuwa da tambayar inda ke ciwo ba. Abokan hira na ƙofar shago sun dame ni da tambayar abin da ya kai Musulmi ɗan Musulmi Gidimuni a motar Nasara. To ga labarin.

Kun dai ji cewa bana kowane baligi zai jefa ƙuri'a, mace da namiji, ba sarakuna da ma'aikata da tsofaffin soja kaɗai ba. Sai dai ba mai jefawa sai da karti, wato katin zaɓe, kartin kuwa komi ne, akawun gwamnati, ke bi gari gari yana bayarwa. Inda rigima take shi ne mutanenmu da suka gudu ƙasar Ingilishi, can wajen Kano, lokacin yunwa da aikin dole, yanzu kuma suna dawowa. Wasu komi sun ce waɗannan baƙi ne, ba su da karti. Masera ta ji maganar a bakin masu zuwa karɓar magani, ta ce za ta je ta zauna kusa da komin Gidimuni ta gani da idonta.

Hanyar gabas ba ta da laifi har Mirya. Manyan duwatsun nan na bayan gari suna tsaye a ɗore da juna, hasken safiya ya sauka a kansu, ni kuwa na riƙa ganinsu kamar masoyan da aka hana su magana suka daskare a wurin. Na faɗa wa direba haka, ya ce in riƙe akwatin magani da kyau kar ya faɗi. Laifin ƴan littattafan soyayyar da fatake ke kawo mini daga Kano ne, na karanta su har sun lalata mini ido.

A Mirya muka karya kumallo da ƙosai da kunun tsamiya a ƙarƙashin wata kuka. Tukwanen garin sun yi arha ƙwarai, randar da za a tsuga maka kuɗi a kanta a Zango, a nan kusan kyauta ce, sai dai wa zai kai ta gida lafiya a wannan mota. Daga nan yashi ya fara. Muka kafe a wani kwari, muka sauka muna shimfiɗa kaba a ƙarƙashin taya, Masera ta naɗe hannun riga tana turi tare da mu. Wasu makiyaya suka tsaya suna kallo, ba su taɓa ganin baturiya ta yi gumi ba.

Da muka koma mota na tambaye ta abin da ke cina a rai. Na ce ƙasar nan ba tata ba ce, mutanen ba ƴan addininta ba ne, kuma a gari ana cewa misiyo na yi wa wata jam'iyya aiki. Ta ce ita ba za ta gaya wa kowa wanda zai zaɓa ba. A littafinsu, in ji ta, Nana Maryamu ta taɓa gudu da jaririnta zuwa Masar don tsoron wani sarki, da ta dawo gida ba wanda ya ce mata baƙuwa. Duk wanda yunwa ta kora ya dawo, ita Maryamu take gani. Daga haka ta koma jan carbinta, ni ma na ciro nawa.

Rana ta take muka hango Gidimuni. Bayan duk wannan yashi, sai ga tafki kwance, dabino ya kewaye shi, lambunan rake da rogo da albasa sun gangara har bakin ruwa. Da a littafi ne, a nan za a ga budurwa da tulu. Abin da na gani dai wani tsoho ne yana wanke jaki. Rabin gaisuwar garin da Barbarci ake yinta. Aka ba mu fura mai sanyi da rake, raken kuwa ya fi na kasuwarmu zaƙi nesa ba kusa ba.

Komin yana zaune a rumfar ƙofar mai gari, da teburinsa da gardi ɗaya, wato ɗan sandan gwamnati, a tsaye. Saurayi ne mai tsabta, ga alama ba mugu ba ne, gajiya ce ta yi masa yawa, kuma ya ce da la'asar zai tattara ya wuce, ba zai sake dawowa ba. Bai ji daɗin ganin Masera ba, amma ya sa aka kawo mata kujera. Dokarsa ga waɗanda suka dawo ita ce a faɗi sunan maigidan da ya fita da su. In sunan na cikin tsohon littafin lampo na garin, wato na haraji, a ba da karti. In babu, baƙi ne. Maza suna faɗin nasu da na iyayensu. Mata kuwa kowace mijinta ko ƙaninsa ke tsayawa ya faɗa a madadinta, ita tana sunkuye.

Haka aka yi ta yi har layi ya zo kan wata tsohuwa doguwa, mai zanen saƙi, kowa Iya yake ce mata. Ƴar Dakusa ce aka auro ta nan. Mijinta ya fita da ita a shekarun yunwa, ya rasu a can ƙasar Kano, ba su bar ɗa ba. Bara ta dawo ita kaɗai, tana sayar da dafaffen rogo. Unguwarsu ta watse tun tuni, mai garin yanzu yana yaro lokacin, abin da ya tuna kawai ana ce wa mutumin Dogo.

Komi ya ce, "Sunan mijinki?"

Iya ta ce, "Malam."

"Malam wa?"

"Malam dai."

Aka yi dariya. Komi bai yi ba. Ya ce a littafinsa ba Dogo ba Malam, ta faɗi sunan yanka ko ta ba na baya wuri. Na juya na bayyana wa Masera cewa macen kirki a wurinmu ba ta kama sunan mijinta, yana raye ko ya mutu. Masera ta ɗauka abin mai sauƙi ne. Ta matso ta miƙa kunnenta, ta ce da Hausarta, "Iya, faɗa kaɗan kaɗan, ni kaɗai."

Iya ta dube ta sama da ƙasa. Ta ce mini, "Yaro, gaya wa baiwar Allahn nan, in ba ta taɓa aure ba kar ta sa baki. Bakin da zai faɗa a kunne ai shi ne zai faɗa a kasuwa."

Na fassara, amma na rage gishiri. Sannan na ga dama ta samu, na durƙusa na ce, "Iya, ai ƙaunar da kike masa ita za ta yafe miki. Da yana nan da kansa zai ce ki faɗa."

Ta ce, "Kai ɗan wa ne? Ka san shi ne?"

Na koma wurina.

Abin ba na dariya ba ne a wurinta. Ba ƙuri'ar ce ta dame ta ba, ta ce ba ta san ko ɗaya cikin masu neman ba. Amma in aka rubuta ta baƙuwa a garin da aka kawo ta amarya, to ina ne garinta? Kano sun ce mata ƴar Faransi, nan kuma a ce mata ƴar Ingilishi. Ta tsaya ƙyam, ba ta faɗa ba, ba ta kuma ba da wuri ba. Gardi ya fara matsowa.

Nan Masera ta tashi ta yi wa komi magana da Faransanci, a hankali, ba faɗa. Ta tambaye shi ko doka ta ce lalle matar ta furta sunan, ko kuwa a tabbatar da shi kawai. Ya ce a tabbatar. Ta ce to shi ya karanta sunayen tsohuwar unguwar da ƙarfi, a bar matar ta saurara. Ya ce ba a yin haka, ga rana tana sauka. Ta ce ba komai, in ya ƙi za ta bi shi gari na gaba ta sake roƙonsa, da wanda ke bayansa, tana da mota. Ya dube ta, ya dubi kamiyonmu, ya ja tsaki ya buɗe littafin.

Ya fara karantawa da sauri don ya huce haushi. Sunan farko, Iya ta ce, "Allah ya jiƙansa, maƙeri ne." Na biyu ta ce, "Wannan matarsa ta fi shi hankali." Wani kuma ta ce a rijiya ya faɗa. Tsofaffin da ke zaune suka fara matsowa, wani ya ji sunan ubansa ya ce a maimaita. Komi da kansa ya rage sauri. Rumfar ta yi tsit, sai muryarsa da amsar Iya.

Can ya kira wani suna, ba amsa. Ya ɗaga kai. Iya ta ja zanenta ta rufe fuskarta duka, ta juya baya ga tebur. Wata mata a baya ta rangaɗa guɗa, saura suka ɗauka. Komi ya dubi mai gari, mai gari ya gyaɗa kai, sai komi ya buga hatimi a kartinta. Na ji sunan sarai, amma ba zan rubuta shi nan ba.

Da za mu tafi ta kawo wa Masera rogo a ƙwarya. Ban daddara ba, na ce, "Iya, lalle kin so shi."

Ta ce, "Mutum ne mai faɗan tsiya. Amma daga nan har ƙasar Kano ni ce a kan jakin, shi a ƙasa." Ta ƙulle kartin a bakin zanenta ta tafi.

Dawowa ba mu kafe ba, direba ya gane kwarin ya kauce masa. Masera ta yi barci tun kafin Mirya, kanta yana bugun ƙofa. Mun shigo Zango ana kiran magariba, ƙura har cikin kunne, na tarar da wani da ya kawo ɗinkin wando yana jirana da faɗa don na ce masa ya zo da azahar.

Abin da na koyo a tafiyar nan kaɗan ne. Dokar da aka rubuta a biro, wato ofis, ba ta san kunyar matanmu ba, kuma ba komi ne zai koya mata ba, sai an sami mai zama kusa da tebur ya ƙi tashi. A wannan karon baturiya ce mai wani addini ta zauna, mu ƴan gari muna shago muna hira. Na kuma gane cewa a littattafaina kowa kiran sunan masoyinsa yake yi, shafi bayan shafi, har ya gundure ka. Ranar zaɓe in Allah ya kai mu zan jefa tawa a Zango, Iya ta jefa tata a Gidimuni, garin mijinta.