Yatsan da na ja a wuya a Harobanda

Na manta shekarar haihuwata, na manta ɗan abin da aka koya mini a wata bakwai da na yi a lekkol, amma ranar da na kori baƙuwa daga mota da yatsa ɗaya tana nan daram a kaina har in shiga rami.

Lokacin ina tuƙa motar wani otel a Yamai. Aka yi taro kan yadda za a hana kisan ƙare dangi, aka ce in riƙa kai wata mata 'yar Ruwanda. A ranar ita ce za ta yi magana ƙarfe goma, can Harobanda, tsallaken kogi. Muna sauka daga gada taya ta sace. Na lallaɓa zuwa wurin wani mai gyaran taya, Bazabarme, abokin wasana na shekara talatin. Ni kuwa Bagobiri ne, haɗuwarmu ba ta yiwuwa sai da zagi.

"Bawana, yau wa ya ba ka aron mota?" in ji shi.

"Yi aikinka, maci-kopto, ɗan kwaɗon zogale. Wata rana sai mun share ku kaf daga garin nan."

Don in ƙara armashi, na ja yatsa a wuyana, ƙiit. Muka bushe da dariya.

Ƙarar ƙofa na ji. Madam ta fita, ta rungume jakarta, tana tafiya da sauri cikin rana, ba ta ma san inda ta nufa ba. Hausa ba ta ji, amma yatsa ba ya bukatar tafinta. Na bi ta da guntun faransancina na tasha: "Madam, kuzan! Kuzan ne!" Wato ɗan'uwana ne na wasa. Ta juyo, ta ce kada in matso.

Hankalina ya tashi. Goma saura kwata, mutane daga ƙasashe suna jiran ta, ni kuma na tsayar da ita a bakin titi tsakanin masu kabu-kabu. Abokina, da ya fi ni karatu, ya zo hannu duk baƙin mai, ya yi mata bayani: wasa ne na kaka da kakanni, wanda ya hana jini zuba tsakaninmu.

Ta saurara har ya gama. Sannan ta ce, abokina yana fassara mini, maƙwabcinsu ma mai barkwanci ne. Shi ya riƙe ƙanenta ranar suna. Da rediyo ya fara kiran su da sunan ƙwari, shi ma ya riƙa faɗa yana dariya, su ma suna taya shi. Ranar da ya zo da adda, ba ya dariya.

Ta dube ni. "In gobe rediyo ya ce ka yi, fa?"

Na buɗe baki zan rantse. Ta ce maƙwabcin ma ya rantse. Ni da ba a taɓa cin bakina a tasha ba, na tsaya ina murza hula kamar wanda aka kama da kazar liman.

Abokina ne ya cece ni, bayan ya ɗaura taya. Ya ce, "Madam, shiga. In ba ki je kin faɗa ba, wa zai faɗa wa wannan sakaran?"

Ta ce za ta shiga, amma sai in na yarda na zauna a zauren taron na ji da kunnena.

Na zauna can baya, aka ba ni abin fassara na kunne, na sa shi a juye. Na ji an yi kotun duniya, an hukunta manyan masu kisan Ruwanda bayan shekaru. Ita kuma ta ce ta gode wa alƙalai, sai dai duk sun iso bayan an rufe kabari.

Har yau muna zagin juna da mai gyaran tayar nan, don in mun daina to lafiya ba ta zauna ba. Amma na koyi sauraro. In na ji yaro a fada, majalisar shayin samari, yana zagin wata ƙabila, nakan duba ko akwai ɗan ƙabilar a zaune yana ramawa. In babu, ba wasa ba ne, kuma nan take nake tsawatawa. Alƙali sai an mutu yake zuwa. Tsohon banza irina yana nan tun ana da rai.