Ranar Da Na Kira Sunan Ɗan Farina

A lokacin haihuwata ɗaya, ina zaune a gidan surukaina a Fassi. Na gama sakandare, amma tarbiyyar gida ta fi ƙarfi a jikina: ba na kiran sunan ɗan farina, ba na yi masa wasa a gaban mutane. Da aka yaye shi ya koma ɗakin Hajiya, uwar mijina, sai daga nesa nake lura da shi. Ya haura shekara biyu ko Inna ba ya cewa, ba ya kallon idon mutum, in an yi masa magana sai ya ci gaba da juya murfin kwano. Ina gani, ina kuka a sujada, amma na kasa furtawa.

A wajen riga-kafi muka ji cewa masu duba yara za su zo asibiti a Rano, yaron da suka tabbatar yana da jinkirin girma za a sa shi cikin masu koyon magana, in bai wuce shekarun da suke ɗauka ba. Nawa ya kusa wucewa. Da ƙyar Hajiya ta yarda, da sharaɗin ita za ta riƙe shi. Da muka je, ma'aikaciyar da ke duba yaran ta ce dubawar ɗan lokaci ba ta isa, sai da bayanin mutanen gida, ta tambaya ko yana amsa sunansa. Hajiya ta ce sarai, miskilanci ne kawai irin na ubansa, jikanta ba musaki ba ne. Matar ta dube ni. Na sunkuyar da kai. Ta ce to in haka ne ba ya cikin waɗanda za a ɗauka, ta kira na gaba.

Mun kai bakin ƙofa sai na tsaya. Na juya na kira ɗana da sunansa na yanka, na sake kira da ƙarfi. Bai waiwayo ba. Nan na zayyana wa ma'aikaciyar duk abin da nake gani. Hajiya ta ce na zubar mata da mutunci. Amma an ɗauke shi cikin masu koyon magana.

Yanzu, alhamdulillahi, yana nuna abin da yake so, yana harhaɗa kalmomi. Abin da ke cin raina shi ne watannin da na yi shiru. 'Yan uwana mata, ban ce a yar da kunya ba, amma in an tambayi lafiyar ɗanki, ke za ki amsa, ko wa ke zaune kusa da ke. Shi ba zai iya faɗa da kansa ba.